Idan Sarki Ya Rasu Kuna da Wasa a Gaba

Ranar Juma'a 6 ga Yuni 2014, ina tsugune a bayan dandamali ina lulluɓa wa wata kujera jan ƙyalle don ta zama karagar mulki, sai yaron da ke kula mana da lasifika ya shigo da rediyo a hannu ya ce, "Yaya, Sarkin Kano ya rasu." Washegari Asabar muke da wasan kwaikwayo a nan Jos. Mun biya kuɗin zaure, mun manna fosta tun daga Gangare har Unguwar Rogo, mun sayar da fiye da rabin tikiti. Kuma shi ne wasanmu na farko tun bayan bama-baman da suka tashi a kasuwar Terminus ranar 20 ga Mayu, suka hallaka mutum sama da 100. Na ce a raina Kano daban Jos daban, mutanen garin nan suna bukatar abin da zai sanyaya musu rai. Muka yi wasan. Ban kyauta ba, kuma tun daga ranar na tsara wa ƙungiyarmu yadda za mu riƙa yi. Shi nake so in ba duk wanda ke riƙe da 'yan wasan kwaikwayo, da wanda ke sayen tikiti ya zo kallo.

Kafin komai, ka tabbatar da labarin. An sha kashe sarakuna da baki a Facebook alhali suna zaune a fada. Ka jira sanarwar masarauta ko ta gwamnati a rediyo. In marigayin Musulmi ne, sanarwar gaskiya takan zo da lokacin jana'iza a haɗe.

Da ka tabbatar, ajiye lissafin kuɗi tukuna, ka tambayi kanka su wa za su zauna a kujerun nan. Nan na yi tuntuɓe. Bahaushen Jos yana da gari biyu. Kakanninmu haƙar kuza da fatauci suka kawo su, wani daga Kano, wani daga Zazzau, wani daga Bauchi ko Katsina, kuma kowa ya zo da sarkinsa a zuciya ya gadar wa 'ya'yansa. Alhaji Ado Bayero ya hau gadon sarauta a 1963. Ke nan magidanci ɗan shekara hamsin a Dilimi bai taɓa sanin wani Sarkin Kano ba sai shi, hotonsa ne a shagon ubansa, hotonsa ne a nasa. Haka Zagezagi da Alhaji Shehu Idris, wanda ya yi shekara 45 a kan karaga, daga 1975 har Satumba 2020. Rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a hatsarin jirgin sama a Abuja, ranar 29 ga Oktoba 2006, ita kam ba ta bar gida ko ɗaya ba. Sannan ka dubi 'yan wasanka. A ƙungiyarmu akwai Birom, akwai Afizere, akwai Angas. Lokacin da Gbong Gwom Jos, wato sarkin Birom, Da Victor Pam ya rasu a Maris 2009, makokinsu ne, kuma mai wannan kujera shi ne shugaban majalisar sarakunan jihar Filato. In ka rufe saboda Sarkin Kano ka buɗe ranar da ake makokin Gbong Gwom, 'yan wasanka ba za su ce maka komai ba, amma sun gani.

Kwana nawa za ka ɗage? Sarki Musulmi a ranar ake masa sutura, ko washegari in dare ya yi, sai zaman makoki na kwana uku. Ka bar ukun nan su wuce. Ba sai ka jira bakwai ko arba'in ba, 'yan wasa ma da bakunan da suke ciyarwa. Basarake Kirista kuwa akan sa ranar binnewa can gaba, don haka rufewarka biyu ce: ranar da labari ya fito, da ranar da za a kai shi makwanci. Tsakanin nan kana iya wasa.

Wannan na biyun ya yi kama da abin da aka yi a Landan da Sarauniya Elizabeth ta rasu ranar 8 ga Satumba 2022, bayan shekara 70 tana mulki. Gidajen wasan kwaikwayo ba su rufe gaba ɗaya ba. Sun riƙa rage hasken fitilunsu na minti biyu da ƙarfe bakwai na yamma, wasu suka yi shiru na minti ɗaya kafin a ɗaga labule, sai ranar jana'iza, 19 ga wata, da yawansu suka kulle. Tsari ne mai kyau ga mutanen da gawarsu ke kwana goma sha ɗaya ba a binne ba. Wani matashi a cikinmu ya ce mu ma mu ɗauki wannan mu huta da asarar ɗagewa. Na ce masa a'a. Mu a yinin da labari ya fito ake salla, ake binnewa, ake kuka, mutane na tashar Bauchi Road suna neman motar Kano ko za su riski jana'iza. Rage fitila na minti biyu ba zai isa wannan yinin ba. Ita Sarauniyar ma, da yake ta zo Jos a 1956, kakata ba ta daina ba mu labarin yadda aka jera yara a bakin titi ba har ta koma ga Allah. Amma ranar da ta rasu ba mu ɗage komai ba, don babu wanda ya shigo zaurenmu da jajayen idanu.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke sa mutum ya yi abin da na yi. Je wurin mai zaure da ƙafarka, kada ka kira shi a waya. Ka roƙi sauyin rana, kada ka nemi ya maido kuɗi. Sauyin rana ya fi saurin samuwa. Da ma tun ranar kama zaure ya kamata ku yi wannan magana, a rubuta a bayan rasit cewa in an yi babban rashi ko dokar hana fita za a sauya rana ba tare da ƙari ba. Wanda ke Jos ya san amfanin wannan layi. Wajen zaɓen sabuwar rana ka duba kalanda da kyau. A 2014 da a ce na ɗage, Asabar 14 ga Yuni ce ta fi dacewa, domin gasar cin kofin duniya ta riga ta fara ɗauke samari, azumi kuma na tafe a ƙarshen watan. In a fili kuke wasa, ka tuna ruwan Jos na Yuni ba ya sallama.

Tikiti kuwa, wanda ya saya yana da zaɓi: ya riƙe abinsa zuwa sabuwar rana ko ya karɓi kuɗinsa cif, ba a cire ko sisi. Ka tura sanarwa a WhatsApp, in da hali ka kai gidan rediyo, amma duk da haka ka zaunar da mutum biyu a ƙofar zauren a ranar da aka sa tun farko, da jakar kuɗi da littafi. Akwai wanda zai taso daga Bukuru bai ji komai ba. Sanarwar ta zama gajeriya: an ɗage wasa saboda rasuwar mai martaba, Allah ya jiƙansa, ga sabuwar rana, ga inda za a karɓi kuɗi. Kada a liƙa hoton marigayi kusa da hoton ɗan wasan barkwanci. Kuma kada ka manta da makaɗa da mai janareto da yaran da ke jera kujeru. Su a ranar suke samu su ci. Ka ba su ko rabin abin da aka yi alkawari.

A cikin kwana ukun nan ku je gaisuwa. Ba lallai sai an bi ta dajin Falgore an je Kano ba. A kowace unguwa akwai dattijon da mutanen wannan masarauta ke taruwa a ƙofar gidansa. Ku je ku uku ko huɗu, da manyan riguna da hula, a cire takalmi a bakin tabarma, a zauna, a ce "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Sarki, ya kyauta namu zuwan," a yi addu'a a shafa, a tashi. Ban da ɗaukar hoto, ban da ambaton wasa ko sabuwar ranarsa. In gidan Kirista ne, ka bar abokin aikinka na can ya shige gaba, ka bi abin da ya yi.

Aikin da ya fi kowanne shi ne ka zauna ka sake karanta wasan, da idon wanda ya dawo daga makabarta.

Wasanmu na ranar nan yana da sarki a ciki, sarkin wani gari da muka ƙirƙira, mai son abin duniya, fadawa na yi masa ƙarya yana hawa. Wata biyu muna gwaji ana dariya. Da lokacin fitowarsa ya yi, mai algaita ya busa, ɗan wasanmu ya fito da farin rawani mai kunne biyu da alkyabba, masu fitowa a dogarai suna "Hattara! Takawa sannu!" Zauren ya yi tsit. A layi na uku akwai wani dattijo mai sayar da kayan gyaran mota, wanda bai taɓa fashin wasanmu ba. Ina leƙe ta gefen labule na ga ya sa gefen babbar rigarsa yana share ido. Da aka zo inda sarkin ke zamewa daga karaga rawani ya tuje, wasu yara a baya suka kwashe da dariya. Dattijon ya miƙe, ya sa takalminsa da ya tuɓe a ƙarƙashin kujera, ya fita bai waiwayo ba. Mutum kusan ashirin suka bi bayansa, babu wanda ya ɗaga murya.

Ba cewa nake a daina taɓa masu mulki a dandamali ba. Bahaushe ya daɗe yana yi. A wasan Gauta matan fada ne da kansu ke kwaikwayon sarki da hakimansa, a Tashe yara na sa gemun auduga su yi shaguɓe ga manya, kowa ya yi dariya ya ɗauki darasi. Amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A makonnin farko, in wasanka na da sarki, ka duba abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya. Rawani mai kunne biyu na 'ya'yan sarauta ne, ka sauya shi da naɗi na malamai ko na attajirai. Tambari da algaita da kakaki ka ajiye su, kalangu ya wadatar. Kirarin da aka san marigayi da shi ka cire shi ko da kalma ɗaya ce. Fitowar da ake tuɓe sarki, ko ya faɗi, ko ya mutu, ka mayar da ita bayan labule, wani ya shigo ya ba da labari. In kuwa wasan gaba ɗaya a kan wannan ya tsaya, ka ɗauko wani daga cikin tsofaffin wasanninku, wannan ya jira bayan arba'in.

Ka kuma ja kunnen masu barkwancinka, waɗanda ke ƙara magana daga kansu in sun ga zaure ya ɗauka. Bayan rasuwa sai naɗi, kuma naɗi ba ya rasa masu murna da masu fushi. Ranar 8 ga Yuni 2014 aka sanar da Sanusi Lamido Sanusi, aka yi zanga-zanga a Kano, a majalisun shayi na Jos ma har an daina gaisawa. Kalma ɗaya a kan wanda ya cancanta ta isa ta raba maka zaure biyu. Ka faɗa musu a fili: ba sunan ɗan sarki, ba sunan gwamna, ba habaici.

Ranar da kuka dawo, kada a buɗe da kiɗa. A bar fitilun zaure a kunne, kai da kanka ka fito gaban labule, ba a cikin kayan wasa ba. Ka yi sallama, ka ambaci marigayi da cikakkiyar sarautarsa, ka gode wa mutane da suka yi haƙurin ɗagewa. Ni ban cika son shirun minti ɗaya ba, don mutanenmu da yawa ba su ɗauke shi a matsayin abin da ke amfanar mamaci ba. Addu'a suka sani. Ka roƙi dattijo ɗaya Musulmi da ɗaya Kirista tun kafin ranar, kowa ya yi gajeriya. Bayan an shafa ka bar mutane su gyara zama, su yi tari, su sha ruwa, sannan a kashe fitila.

Kai kuma ɗan kallo, ranar irin wannan ka zo da wuri, kada ka shigo ana tsakiyar addu'a kana neman kujera da fitilar waya. Ba a tafa hannu bayan addu'a. In addu'ar ba ta addininka ba ce, ka zauna shiru har a gama. In wasa ya kankama abin dariya ya zo, yi dariyarka, don ita aka tara ku. In kuma ka ga na kusa da kai ya tashi ya fita, matsa masa ƙafa ya wuce, kada ka tambaye shi dalili.

Ranar Litinin bayan wancan wasa na je shagon dattijon a Dilimi da kuɗin tikitinsa a ambulan. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo ba da haƙuri." Ya ture ambulan ɗin ya ce, "Ɗana, riƙe kuɗinka. Ranar da aka naɗa shi ina kan wuyan mahaifina a Ƙofar Kudu. Da kun bari ko kwana uku ne." Ya sa aka kawo mini shayi, ya tambaye ni yaushe ne wasa na gaba. Na ce sai bayan salla. Ya ce in ajiye masa kujerarsa ta layi na uku.