Yadda ake tsara kuɗin gyaran makewayi a Damagaram ba tare da aljihu ya huje ba

Shekaru uku da suka wuce na gyara makewayin gidanmu, kuma sau biyu na biya kuɗin aiki ɗaya. Na sayi karo, wato tayil, mai sheƙi, aka lulluɓe bango tun daga ƙasa har sama, kowa ya shigo sai ya yaba. Ko wata biyu ba a yi ba ruwan wanka ya fara kwanciya a lungu, bangon ɗakin da ke jingine da makewayin ya jiƙe, wari ya dinga tasowa daga magudana. Dole aka fasa karon ƙasa duka aka sake daɓe. Tun daga ranar na gane cewa kuɗin makewayi a ƙarƙashin karo suke tafiya: bututu, gangaren daɓe da rami. Can ne bai kamata a yi rowa ba. Abin da ido ke gani kuwa, a nan ake rage kashe kuɗi yadda aka ga dama.

Mataki na 1: Gano ainihin ciwon kafin ka kira kowa

Ɗauki takarda da biro ka shiga makewayin. Zuba bokiti ɗaya na ruwa a tsakiya ka ga inda ya nufa da inda ya tsaya. Ƙwanƙwasa karo da bayan cokali ɗaya bayan ɗaya: wanda ya yi ƙara kamar ganga ya rabu da siminti, wanda ya yi tauri yana nan lafiya, kada a taɓa shi. Zagaya bayan bango ka dubi gindinsa, ko akwai danshi ko farin gishiri da ke fitowa. Idan gidan na da famfo, rufe kowane famfo, ka dubi na'urar ƙirgen ruwa da dare, ka sake dubawa da asuba. In lambar ta motsa, akwai bututun da ke yoyo a ɓoye.

Sai ka raba abin da ka gani gida biyu. Na dole: yoyo, tsagewar daɓe, ramin da ya cika, murfin rami da ya tsage, ƙofar da ba ta rufuwa. Na sha'awa: sabon launi, madubi, karo irin wanda ka gani a gidan biki. A zauna da uwargida a yi wannan rabon tare, domin ita ce ke wankin yara da wanke wurin kullum, ta fi kowa sanin inda ruwa ke taruwa.

Mataki na 2: Bari ruwa ya zaɓa maka irin makewayin

Mu a Damagaram ba sai an ba mu labarin ƙarancin ruwa ba. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan famfonmu daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo Machaya da Arungoza da Ganaram, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambata na mayar da babban birnin ƙasa Yamai a 1926. Duk wanda ya yi bazara a nan ya san darajar ɗan garuwa. To, makewayin da za ka gina shi ne zai dinga shan ruwan nan kullum, shekara da shekaru.

Mu yi lissafi. Masai na zama irin na da, mai tanki a baya, yana sakin kamar lita 9 ko fiye a danna ɗaya. Gida mai mutum 8, kowa ya shiga sau 4 a yini, lita 288 ke nan, sama da bido 11 masu cin lita 25, duk a rami. Masai na tsugunne da ake kora da ƙaramin bokiti mai lita 3, wannan gidan dai lita 96 zai sha, wajen bido 4. Ga shi ya fi arha a saye, ba shi da karikitan cikin tanki da ke lalacewa, kuma ramin ya fi daɗewa bai cika ba.

Ba na cewa na zama ba shi da amfani. Gidan da ke da tsoho mai ciwon gwiwa ko marar lafiya, na zama rahama ne, kuma wajibi ne a sa wa iyaye abin da zai sauƙaƙa musu. In haka ne, nemi mai maɓalli biyu, wanda ke sakin lita 3 ko lita 6, a kafa ƙarfen dafawa a bango kusa da shi. Haka ma ruwan wanka na sama: in famfon unguwarku sai tsakar dare yake zuwa, kan shawa ado ne kawai sai ka haɗa da tanki a sama da ƙafarsa ta ƙarfe, wannan kuma wani babban kashe kuɗi ne daban. Famfo ɗaya a ƙasa, daidai tsayin bokiti, da randa ko ɗan duro mai murfi, ya ishi yawancin gidaje.

Mataki na 3: Kada ka matsar da komai in ba dole ba

Wannan shi ne babban sirrin rage kuɗi. Masai ya zauna inda yake, magudana ta zauna inda take. Da zarar ka ce a matsar da shi ko da mita 1 ne, ka jawo fasa daɓe, sabon bututu da sabon gangare. Sabon rami kuwa a unguwa irin Birni, inda ba a nisa da haƙa ake cin karo da dutse, zai iya cinye kuɗin da ya fi na sauran aikin gaba ɗaya. In tsohon ramin lafiya yake, a kwashe shi a gyara murfinsa.

Dalili biyu ne kawai na yarda su sa a sauya wuri. Na farko alƙibla: daga Damagaram tana gabas ne da ɗan karkata arewa, kuma mutane da yawa ba sa son masai ya fuskance ta ko ya ba ta baya, to a daidaita wannan tun kafin a zuba siminti. Na biyu rijiya: rami ya nisance ta da mita 15 aƙalla, in fili ya ba da mita 30 ya fi.

Ruwan wanka kuma a raba shi da ramin masai, a yi masa gologonsa daban, a cika da duwatsu yadda zai dinga tsotsewa. Sakin sa a titi na jawo sauro da faɗa da maƙwabta, haɗa shi da ramin masai kuma na sa a kira masu kwasa kafin lokaci.

Mataki na 4: Auna da kanka, ka rubuta komai

Ari ma'auni ka auna. Misali makewayi mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1.5: ƙasansa murabba'in mita 3 ne. Zagayen bango mita 7. In karo zai tsaya a tsayin mita 1.5, ka sami 10.5, ka cire wurin ƙofa ya rage kamar 9.5. Da ƙasa ya zama 12.5. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ka sayi 14. Da a ce har sama za a kai shi a bango mai tsayin mita 2.8, bangon kaɗai zai ci sama da 18, kusan ninki biyu, a kan wurin da ruwa ba ya taɓawa. Bangon da ake wanka a jikinsa kaɗai za ka ɗaga zuwa mita 2, sauran sama a yi shafe da fenti. Wanda aljihunsa bai kai ba ma, daɓen siminti mai kyau da aka goge ya yi sumul yana shekaru, karon bango ya jira baɗi.

A takardar a rubuta har ƙananan abubuwa, domin su ne ke cin mutum a ɓoye: gam ɗin bututu, gwiwoyin haɗi, zaren naɗa bakin famfo, farin simintin cike tsakanin karo, yashi, tsakuwa, kuɗin amalanke ko a-daidaita da zai kawo kaya, kuɗin kwashe ɓaraguzai, da ruwan aikin kansa. Wannan na ƙarshe kusan kowa na mantawa da shi, alhali kwaɓi da ban ruwan siminti na shan bido da yawa.

Mataki na 5: Farashi, da kuɗin ko-ta-kwana

Da takardarka a hannu, zaga shago uku aƙalla, wajen Kasuwar Dole da sauran masu kayan gini na cikin gari, ka tambayi farashin kowane abu daban. Kaya da yawa daga Kano suke shigowa, saboda haka farashinsu na bin canjin naira da halin da iyaka take ciki. Mun gani da idonmu lokacin da aka rufe ta a 2023. Farashin da aka gaya maka wata uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne. Siminti buhu mai kilo 50 ne, na Malbaza ko na Najeriya, ka taɓa shi ka ji: in ya yi ƙulalai ya sha danshi, bar shi komai arharsa. Kada kuma ka saye shi tun da wuri ka jibge, shi ne abu na ƙarshe da za a kawo.

Tambayi mai shago ko yana da ragowar karo na samfurin da ya ƙare. Makewayi ƙaramin wuri ne, kwali kaɗan ya ishe shi, kuma irin wannan ragowar sukan sake ta da sauƙi. Amma na ƙasa lallai ya zama mai kaushi. Karo mai santsi da ruwan sabulu ya karya ƙugun tsofaffi da dama. Famfo kuwa sayi mai nauyi na tagulla. Ɗaga biyu a hannu, nauyin zai gaya maka gaskiya.

Daga nan ka cire kashi 15 cikin 100 ka ajiye gefe. In jika 300 ke hannunka, aikinka na jika 255 ne, jika 45 na abin da za a tarar ne bayan an fasa. Tsohon gida bai taɓa rasa abin mamaki a ƙarƙashin daɓe ba. In lissafi ya fi ƙarfin kuɗin, kada ka ci bashi don karo. Raba aikin biyu: bututu, rami da daɓe bana, ado in kwasar adashi ta zagayo.

Mataki na 6: Yarjejeniya da magini da mai aikin famfo

Je ka ga makewayin da mutum ya yi shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya gama jiya ba. Ku yi jinga a kan aikin gaba ɗaya maimakon biyan yini, kai ka sayi kaya, shi ka biya shi ladan hannunsa. A rubuta a gaban shaida, a raba biyan uku: kafin alƙalami kaɗan, wani kaso bayan an gwada bututu, cikon bayan an gama an zuba ruwa an gani.

Lokacin da na sake nawa aikin, wani dattijon magini na samu. Na ce masa, "Baba, so nake a gama kafin Juma'a." Ya ce, "Ɗana, siminti ba ya jin gaggawa. In ka ba shi kwanansa zai ba ka shekarunka." Ya yi gaskiya, kwana 7 ya sa muka yi muna yayyafa wa shafen ruwa safe da yamma.

Abubuwan da za ka tsaya a kansu da idonka kaɗan ne. Bututun masai ya zama mai faɗin milimita 100, na ruwan wanka 40 zuwa 50. Daɓe ya gangara zuwa magudana da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Magudanar ta zama mai riƙe ɗan ruwa a wuyanta, wannan ruwan ne ke tare wari da kyankyasai. Rami ya sami bututun shaƙar iska da ya wuce rufin ɗaki, da raga a bakinsa saboda ƙuda. A kwaɓin daɓe da gindin bango a zuba garin hana ruwa ratsawa, irin Sikalite, ƙunshin kilo 1 ga buhu ɗaya. Kafin a binne bututu a sake masa ruwa a duba kowane haɗi, kafin a sa karo kuma a toshe magudana a tara ruwa a daɓen ya kwana, da safe a duba bayan bango.

Masu gidan ƙasa su ƙara kula. Siminti ba ya kama jikin laka da kyau, yakan ɓanɓaro, ruwa ya shige bayansa yana cin bangon a ɓoye. Ko a kafa ragar waya kafin shafe, ko a ta da siririn bangon bulo daga ciki. Duk wanda ya ga yadda tsohon masallacin Birni ya rushe a damunar 2024 ya san abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa.

Mataki na 7: Zaɓi lokaci, ka kuma riƙe shawararka

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu ya fi dacewa. Damuna ta wuce, ƙasa ta bushe, zafin da ke busar da siminti kafin ya yi ƙarfi bai iso ba, ruwa ma bai yi tsadar bazara ba. Guji makonnin gab da Sallah, lokacin magina kan riƙe ayyuka da yawa, kai ma ga hidimar gida. Tanadi wurin da iyali za su kewaya na kwana 10, ko da zagayen zana ne a lungu, don kada matsuwa ta sa a taka daɓe ɗanye.

Ayyukan da ba sa buƙatar gwani ku yi da kanku: cire tsohon karo, kwashe ɓaraguzai, ban ruwa, fenti. Haske da iska kuma bulo mai huji biyu ko uku a saman bango ya wadatar, ƙwai ɗaya na lantarki, makunninsa a waje inda jiƙaƙƙen hannu ba zai kai ba.

Ranar da aiki ya fara, masu ba da shawara za su yi yawa: wannan ya ce a ƙara wurin wanke hannu, wancan ya ce launin bai yi ba. Duk abin da ba ya cikin takardarka, rubuta shi a bayanta da farashinsa, ka bar shi ya kwana biyu. Kowace yamma kuma ka zauna ka rubuta abin da ya fita ranar, har kuɗin ƙusa da na ruwan da ɗan garuwa ya kawo, ka cire daga jimla ka ga abin da ya rage.