Yadda za ku je Yankari da uwargida ku dawo a rana ɗaya

Yankari gandun namun daji ne a jihar Bauchi. Da farko ku zaɓi lokacin rani, daga Disamba zuwa Afrilu. A lokacin ciyawa ta bushe, dabbobi na taruwa a bakin Kogin Gaji shan ruwa, an fi samun ganin giwaye da ɓauna.

Ana gobe tafiya maigida ya duba tayoyi, ya cika tanki tun daga Bauchi. Uwargida ta haɗa guzuri: masa, dambun nama, ruwan sha. Yara a kai su gidan kaka, ranar taku ce ku biyu.

Ku tashi bayan sallar asuba, ku bi hanyar Gombe. A Dindima ku karkata zuwa Mainamaji, inda ƙofar shiga take. Daga nan zuwa sansanin Wikki kusan kilomita 40 ne cikin daji, kada a yi gudu.

Da isa ku fara neman motar zagaya daji, domin da sanyin safiya dabbobi ke fitowa. Bayan azahar sai ku gangara ruwan Wikki, mai ɗumin digiri 31, garau har kana hango yashin ƙasa. Ku riƙe ledar abinci da kyau, ku rufe gilashin mota, don birai na wafce abu daga hannu ba kunya.

Da la'asar ku kamo hanya, kada magariba ta riske ku a daji.