Kurakuran da muke tafkawa da yaro mai disleksiya

Farkon shigata aikin koyarwa akwai wani yaro ɗan aji uku, in ka yi masa tatsuniya sau ɗaya zai maido maka ita tas har da tsamin bakin Gizo, amma ka rubuta masa "gida" a allo sai ya yi zuru yana zare ido. Ni kuma da wayona sai na ce ya kwafe ta sau 50. Ya kwafe kuwa, rubutu tsaf, washegari kamar bai taɓa ganinta ba.

To kwafe dai ba ya magani, kuma yawancinmu nan muke fara zamewa. Matsalar disleksiya, wato wahalar koyon karatu ga yaron da basirarsa lau, tana wajen haɗa harafi da sautinsa ne, yaron yana jin kalmar a dunƙule amma ya ɓare ta sauti-sauti shi ne aiki. Sai da na koma muna tafa hannu, gi, da, na zuba rairayi a faranti yana zana harafin da yatsa yana faɗarsa da baki, harafi biyu ko uku a zama ɗaya, kullum kuma sai mun maimaita na jiya kafin mu ƙara sabo, sannan abu ya fara zama. Wannan salon Samuel Orton da Anna Gillingham suka tsara a Amurka tun wajen shekarun 1930, kodayake wanda ya yi makarantar allo ya san ba a tsallake babbaƙu a faɗa farfaru.

Sai batun ido. Iyaye na ganin yaro yana juya b da d sai a ruga a yanko tabarau, a dawo ana jiran ya fara karatu. Ban ga laifinsu ba sosai, don shi kansa Rudolf Berlin da ya raɗa wa abin suna a Jamus likitan ido ne. A gwada ido da kunne tun farko, wannan wajibi ne, amma in an ce lafiyarsu lau kar a ci gaba da zarya asibiti. Kuma juya b da d kafin shekara 7 yara da yawa na yi, kar ka yi saurin laƙaba wa ɗan mutane suna.

Wanda ya fi ci min rai shi ne a fara masa da Turanci. Yaron da ke fama da sauti ka kawo masa knife ka ce ba a furta k ɗin, haba malam! Rubutun Hausa kusan yadda ka furta haka za ka rubuta, ya fara kama ƙasa a nan tukuna, in ya so Turancin ya biyo baya, sai dai a bi ɓ da ɗ da ƙ a hankali.

Bulala da kiran sa daƙiƙi, da tsayar da shi ya yi karatu gaban aji 'yan uwansa na ƙyalƙyala dariya, waɗannan dan Allah a bari kawai. Ranar jarabawar lissafi kuma karanta masa tambayar ka ƙara masa lokaci, lissafi kake aunawa ai.

Wani kuma daga bita ta kwana biyu sai ya fara yanke wa yara hukunci wai wannan disleksiya ce. In da gaske kake son sana'ar, akwai kwalejin horar da malaman masu buƙata ta musamman a Oyo tun 1977, BUK da jami'ar Jos ma suna koyar da fannin, je ka karanta. Kafin nan ka ajiye littafi kana rubuta harafin da yaro ya kama da wanda ke suɓuce masa duk mako, shi za ka miƙa wa ƙwararre in an kai yaron.