Yadda Za Ka Zaɓi Ɗan Kwangilar Gyaran Gida Idan Inshora Ce Za Ta Biya

Ko gobara ce ta ci kicin, ko iska ta yaye kwano, ko bututu ya fashe ya jiƙa silin, hankalin mai gida ba ya kwance a lokacin. Duk wanda ya fara cewa "zan gyara", sai ka ji kamar ka miƙa masa aikin. Dakata tukuna. Galibi kamfanin inshora ba ya biyan ɓarnar da bai gani ba, kuma ba ya biyan aikin da bai amince da shi a rubuce ba.

Kafin ka nemi ɗan kwangila, ɗauki hotuna da bidiyon ɓarnar, ka sanar da kamfanin. Yi abin da zai hana ta ƙaruwa, kamar rufe rufin da tamfol ko kashe ruwa, ka adana rasit. Amma kada ka rushe bango ko ka zubar da kayan da suka lalace sai mai tantance asarar da kamfanin ya turo ya gani da idonsa.

Sai ka buɗe takardar yarjejeniyar inshorarka, ka kuma tambayi kamfanin kai tsaye: dole ne a yi aiki da 'yan kwangilarsu, ko kana da zaɓi? Nasu sun san takardun kamfanin, aiki ya fi saurin tafiya, wani lokaci ma kamfanin yakan tsaya wa ingancin aikin. Sai dai ka tuna daga hannun wa suke samun aiki kullum. Idan kana da damar kawo naka, ka samo ƙiyasi daga mutum biyu ko uku.

A nan ne ya kamata ka daɗe. Ƙiyasin da ya ce "gyaran rufi" da jimillar kuɗi kawai ba shi da amfani. Ka nemi a rubuta komai dalla-dalla: faɗin wurin, irin kwano ko katako, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, har da kwashe tarkace da fenti. Sa'an nan ka ajiye shi kusa da lissafin mai tantance asara, ka bi layi-layi. Idan ɗan kwangila ya ga wayoyin lantarki sun ƙone a cikin bango amma lissafin kamfani bai ambace su ba, a sasanta wannan kafin a buga ƙusa ko ɗaya. In ba haka ba, bambancin daga aljihunka zai fito. Ni a ganina, wanda zai iya zama da mai tantancewa ya kare lissafinsa da hujja ya fi mai araha nesa ba kusa ba.

Bincika lasisin ɗan kwangilar idan doka ta tanadi haka, ka ga shaidar cewa shi ma yana da inshorar da za ta biya idan ma'aikaci ya ji rauni ko aka lalata wani abu a gidanka. Je ka ga aikin da ya taɓa yi, ka ji ta bakin masu gidan.

Ka yi hattara da masu bin gida-gida bayan guguwa ko ambaliya suna matsa maka ka sa hannu nan take. Haka wanda ya ce zai ƙara kuɗi a takarda don ya ɗauke maka kason da yarjejeniya ta ɗora maka ka biya da kanka: wannan zamba ce, kuma da sunanka ake yin ta. Kada kuma ka sa hannu a takardar da ke miƙa masa haƙƙinka na karɓar diyya sai ka fahimci kowane layi.

Yarjejeniyarka da ɗan kwangilar ta kasance a rubuce, da ranar farawa da ta gamawa da garanti. Kuɗin kafin alƙalami ya zama kaɗan, sauran a biya mataki-mataki yadda aiki ke tafiya. Idan aka buɗe bango aka tarar da ɓarnar da ba a gani ba a da, a tsayar da aikin wurin, a ɗauki hoto, a jira amincewar kamfani. Wasu yarjejeniyoyin inshora sukan riƙe wani kaso na diyya sai an kawo shaidar kammala aiki, don haka ka karɓi rasit na ƙarshe, kuma kada ka biya cikon kuɗin sai ka zagaya ka duba kowane ɗaki tare da ɗan kwangilar.