Kurakuran Da Ake Yi Da Waya A Kakar Zaɓe, Da Yadda Za A Gyara

Da zarar an kaɗa gangar siyasa, wayar hannu sai ta zama filin kamfe. Wannan ba abin ƙi ba ne. Ta intanet matasan Najeriya suka yi ta matsa lamba har aka sa hannu a gyaran tsarin mulki na 2018, wanda ya rage shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai kuma daga 30 zuwa 25. Kafar tana da amfani matuƙa. Sai dai akwai kurakuran da muke ta maimaitawa a kowace kaka, kuma galibi mutanen kirki ne ke yin su, da kyakkyawar niyya.

Wanda ya fi kowanne yawa shi ne tura saƙo kafin a tantance. Saƙo zai shigo zauren WhatsApp na dangi, da kalmomin nan da kowa ya sani: "Don Allah a yaɗa, kada ya tsaya a wajenka." Wanda ya turo yayanka ne ko malaminka, saboda haka ka yarda. To amma shi ma turo masa aka yi. Amanar da ke tsakaninku ce ta ɗauki labarin, ba hujja ba. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun wallafa nazari a 2018 kan labaran da suka yaɗu a Twitter, suka gano cewa gaskiya kan ɗauki lokaci kusan ninki shida kafin ta kai ga mutum 1,500 idan aka kwatanta da ƙarya, kuma mutane ne suka fi yaɗa ƙaryar, ba na'ura ba. Dalilin a fili yake: ƙarya ana ƙera ta ne don ta ba da mamaki ko ta tayar da hankali. Shi kansa kamfanin WhatsApp sai da ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, ya fara a Indiya a 2018, ya game duniya a 2019.

Gyaran ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Idan saƙo ya sa ranka ya ɓaci nan take, to wannan ɓacin ran shi ne alamar ka dakata. Duba ko akwai kibiyoyi biyu a samansa masu nuna an tura shi sau da yawa. Tambayi wanda ya turo: a ina ka samo? Idan hoto ne, saka shi a Google Lens, manhajar bincike da hoto, ka ga wuraren da ya taɓa fitowa a baya. Sau da yawa za ka tarar taron da aka ce na jiya ne ashe na shekarun baya ne, wani lokaci ma a wata ƙasa. Idan labari ne babba, kamar janyewar ɗan takara ko ɗage zaɓe, ba zai yiwu ya kasance a zaure ɗaya kawai ba. Leƙa shafin hukumar zaɓe, leƙa gidajen jaridu biyu da ba sa jituwa, leƙa masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check.

Da can mukan ce ai na ji da kunnena. Yanzu wannan ba ta isa hujja ba. A Satumbar 2023, kwana biyu kafin zaɓen Sulobakiya, wata murya ta bazu wadda aka ce ta Michal Šimečka ce, jagoran ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu, wai yana shirya maguɗi. Ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa ta. Lura da lokacin da aka zaɓa: sa'o'in da doka ta hana kamfe, lokacin da ƙaryatawa ke da wuya. A Janairun 2024 kuma, masu zaɓe a jihar New Hampshire ta Amurka suka riƙa samun kiran waya da muryar Joe Biden ta bogi, tana cewa kada su fita zaɓen fidda gwani. Don haka duk wata murya ko bidiyo mai girgiza jama'a da ta ɓullo a jajibirin zaɓe, ba tare da sanin wanda ya naɗa da wurin da aka naɗa ba, a riƙe ta a hannu tukuna.

Akwai kuma kuskuren ɗaukar shafinka a matsayin ƙasa baki ɗaya. Facebook da TikTok da X (tsohon Twitter) suna nuna maka abin da ka saba tsayawa a kai ne. Ka so ɗan takara, sai su cika maka ido da masoyansa, har ka rantse babu mai ja da shi. Ƙuri'ar jin ra'ayi da wani ya buɗe a shafinsa mabiyansa kawai ta auna, kuma mutum ɗaya na iya kaɗawa da asusu goma. Illar wannan tana bayyana ne bayan sakamako: wanda bai taɓa cin karo da mai ra'ayin ɗaya ɓangaren ba, da wuya ya yarda an kayar da gwaninsa. Ka bi shafukan waɗanda ba ka goyon baya, ko da ba daɗi. Ka kuma sani cewa tallan siyasar da kake gani ba shi maƙwabcinka ke gani ba. Badaƙalar Cambridge Analytica, wani kamfanin ba 'yan siyasa shawara kan kamfe, da ta fashe a 2018, wadda ta shafi bayanan masu Facebook har miliyan 87, ta nuna yadda ake tattara halayen mutane don a aika wa kowa saƙon da zai taɓa shi.

Sakamakon bogi shi ne mafi haɗari a ganina, domin yana iya jawo asarar rai. Hoton takardar rumfa ɗaya, ko da sahihi ne, labarin rumfa ɗaya ne. Wanda aka rubuta da hannu a WhatsApp ba tare da takarda ba kuwa, ba komai ba ne. Idan kana so ka taimaka, tsaya a rumfarka har a ƙirga, ɗauki hoton takardar da malamin zaɓe da wakilan jam'iyyu suka sa wa hannu, ka tabbata sunan rumfa da lambarta sun fito sarai, sannan ka kwatanta da abin da hukuma ta wallafa. Irin wannan shaidar ce ke da amfani a gaban alƙali. Kotun ƙolin Kenya ta soke zaɓen shugaban ƙasa a 2017 ne bisa matsalolin takardun sakamako da yadda aka aika su, ba bisa hayaniyar intanet ba.

Sai babban cikinsu, wanda ke ci mini rai: mutum ya shafe watanni yana musu, ya ɓata da abokai, ya zagi wanda ya haife shi a sharhi, ranar zaɓe kuma yana kwance a ɗaki yana bin labari ta waya. A zaɓen shugaban ƙasa na Najeriya na 2023, masu rajista sun haura miliyan 93, ƙuri'un da aka jefa ba su kai miliyan 25 ba. Tun da sauran lokaci, yi amfani da wayar ka duba sunanka a rajista, ka san inda rumfarka take, ka san ranar rufe karɓar kati. Ka kuma rubuta lambar rumfar a takarda, domin ba kullum intanet ke nan ba: gwamnatin Yuganda ta katse shi gaba ɗaya a jajibirin zaɓen Janairun 2021, aka yi kwanaki kafin ya dawo.