Yadda ake tare wa zafi hanya a bar lantarki ya wuce

Ɗalibanmu na fiziks da kemistiri a jami'ar Umaru Musa Yar'adua da na Dutsin-Ma da suka ɗauko maganar kayan da ke juya zafi ya koma lantarki a matsayin furojet, ga yadda aikin yake tafiya a aikace, tunda na ga da yawa kwafowa kawai ake a cusa a babi na biyu.

Tun 1821 Seebeck ya gano in ka haɗa ƙarfe iri biyu ka ɗumama mahaɗa ɗaya ka bar ɗayar da sanyi to lantarki zai samu. Ɗan farin falen nan TEC1-12706 da ake gani cikin wasu ƙananan firji da injin sanyaya ruwa ɗan gidan ne, sai dai shi a juye ake mashi, a ba shi wuta ya ba da sanyi. Nagartar abu ana auna ta da lambar ZT = S²σT/κ, inda S ita ce yawan boltej da bambancin zafi ke haifarwa, σ yadda abin ke barin lantarki ya wuce, T kuma zafin da ake aiki a kai, kuma wannan κ ta ƙasa ita ce yadda abin ke barin zafi ya ratsa shi, in ta yi yawa gefe mai zafi da mai sanyi sun zama ɗaya, shi ke nan wuta ta ɗauke.

To zafi ta hanya biyu yake bi. Akwai wanda elektron ke ɗauke da shi, wannan kar ma ka ɓata lokacinka, a ɗaure yake da lantarkin da kake nema, dokar Wiedemann da Franz kenan. Na biyun girgizar atom ce, wadda ake ce ma fonon, shi ne abokin faɗanka. Sa'ar da aka yi ita ce fonon da yawa suna yin doguwar tafiya kafin su ci karo da wani abu, a silikon wasu sun wuce nanomita ɗari (nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita), shi kuwa elektron a irin waɗannan kaya gajeriyar tafiya yake yi dama. Ka ɗauka lungunan cikin gari ne wajen Yarinci, ɗan acaɓa zai kurɗa abinshi ya fita, tirela kuwa ko ta shiga ta maƙale. Duk aikin nano ɗin nan shi ne gina lungu daidai wannan girman.

Fara da zaɓen abu gwargwadon zafin da za ka yi aiki da shi. Kusa da zafin ɗaki bismut telurayid, tsaka-tsaki kamar bututun hayaƙin janareta telurayid na dalma, can sama sosai kuma silikon da jamaniyam, wanda shi aka sa a kumbon Voyager tun 1977. Sai ka gauraya shi da ɗan'uwanshi, misali antimoni a gurbin wani kaso na bismut, bambancin nauyin atom ɗin shi ke watsa ƙananan fonon.

Daga nan sai niƙa. Ana zuba kayan a tulun ƙarfe mai ƙwallaye a rufe shi cikin akwatin da aka cika da iskar agon, injin ya yi ta girgiza shi awanni har garin ya koma 'yan nanomita goma-goma. Maganar agon ɗin ba ado ba ce malam, gari mai laushi haka iskar oksijin na taɓa shi ta lulluɓe kowace ƙwaya da tsatsa kuma tsatsar nan elektron take tarewa. Sannan ka sa safar hannu da takunkumi, teluriyam guba ne, wanda ya shaƙe shi numfashinshi warin tafarnuwa yake.

Inda aiki ke ɓaci shi ne wajen dunƙule garin. Dole a matse shi da zafi ya zama ƙwaya ɗaya tauri ba ramuka, amma in ya daɗe a wuta ƙwayoyin sai su haɗe su girma, wahalar niƙanka ta tafi a banza. Shi ya sa ake son matsi mai sauri, ko wanda ake ratsa garin da lantarki na 'yan mintuna. Da wannan hanyar ce masu bincike na Boston College da MIT a 2008 suka kai bismut antimoni telurayid ZT 1.4 a digiri 100 na salshiyas, abin da ya shekara sama da hamsin yana maƙale a wajen 1. A 2008 ɗin ma a Berkeley aka yi siraran wayoyin silikon masu kaushin jiki, κ ta faɗo daga kusan 150 zuwa ƙasa da 2 a ma'aunin W/mK.

Ni dai a ganina mafi wayo shi ne na rukunin Kanatzidis a jami'ar Northwestern a 2012, da ba su tsaya a girma ɗaya ba. Sun ɗauki telurayid na dalma suka sa mashi sodiyam a matakin atom, suka bar ƙananan ƙulluluwan sitironshiyam telurayid suka tsiro a ciki a matakin nano, sannan ga iyakokin ƙwayoyi masu ɗan girma, kowane irin fonon da tarkonshi, suka samu ZT 2.2 a kelbin 915. Don haka kar ka ɗauka ƙanƙanta ita ce komai, in ka wuce gona da iri elektron ma zai fara tuntuɓe, κ ta sauka σ ta bi ta, ZT ɗinka na nan inda yake ko ma ya yi ƙasa.

Saura awo. κ ana samo ta ne da na'urar walƙiyar lesa, a ninka saurin bazuwar zafi da nauyin abu gwargwadon girmanshi (density) da kuma iya riƙe zafinshi. Ba kowane lab ke da ita ba, tun kafin ka fara niƙa ka nemi inda za ka aika samfurin. Kuma bismut telurayid hawa-hawa yake, yadda yake ɗaukar zafi ta tsaye daban da ta kwance, in ka auna σ ta wannan fuska ka auna κ ta waccan za ka samu lamba mai daɗin gani wadda ƙarya ce. Yanka samfurin biyu daga dunƙule ɗaya, ka auna su ta fuska ɗaya, sannan ka ɗumama ka huce shi sau da yawa ka sake awon ka ga ko ƙwayoyin sun girma.