Darasi na 9: Daidaita Kan Babur da Jikin Mai Shi

Wanda ya wuni a kan babur ya san inda gajiya take taruwa: wuya, kafaɗa, gadon baya da wuyan hannu. Wani in ya sauka da magariba yatsunsa sun sage, ko lomar tuwo ba ya iya yi da daɗi. Sai ya ce sanyi ne ko basir, ya sayi magani. Sau da yawa kuwa matsalar tana ga yadda aka ɗaure kan babur ɗin, wato ƙarfen da ake riƙewa ana tuƙi.

Baburan da muka fi hawa, irin su Bajaj Boxer na Indiya da Jincheng da Haojue na ƙasar Sin, ba a auna jikin kowa ba kafin a ƙera su. Yadda mai haɗawa ya ɗaure kan, haka mai saye yake tafiya da shi shekara da shekaru, dogo ne shi ko gajere. Alhali gyaran bai wuce aikin sifana ba.

Fara da auna zamanka

Kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a wuri mai tauri wanda ba gangare ba. Hau ka zauna inda ka saba zama, ka miƙe bayanka, ka saki kafaɗa. Rufe ido, ka miƙa hannu gaba yadda ya fi maka daɗi, sannan ka buɗe. Inda hannunka ya tsaya, kusa da nan ya kamata mariƙin ya kasance.

Yanzu kama kan, ka sa wani ya dube ka daga gefe. Gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa. In ta miƙe sambal, kan ya yi maka nisa, kuma duk ramin da ka faɗa, bugun zai wuce kai tsaye zuwa kafaɗa da wuya. In gwiwar ta koma bayan haƙarƙari, kan ya matso da yawa. Wuyan hannu kuma ya zama a miƙe, kada ya karye sama ko ƙasa.

Aikin sifana

A yawancin waɗannan babura, noti huɗu ne suke riƙe da kan a tsakiya. Duba lambar da ke jikin sifana, ka ɗauki wadda ta zauna daram a kan notin. Wadda ta yi sako-sako cinye kan noti take yi. Wasu baburan kuma sai da alanki, wato ɗan ƙarfen nan mai gefe shida da ake zurawa cikin kan noti.

Kafin ka taɓa komai, ja layi da alli ko biro daga ƙarfen kan zuwa maɗaurinsa. Wannan layi shi ne shaidarka, in gyaran bai yi ba ka san inda za ka mayar. Sassauta notin huɗu kaɗan, kada ka cire su. Jawo kan zuwa gare ka ko ka tura shi gaba, ɗan kaɗan kawai. Abin da ya motsa kamar kaurin tsinken ashana a tsakiya, a wajen mariƙi ya yi nisa sosai. Ɗaure, ka hau, ka gwada. In akwai alamar kibiya ko ɗigo a murfin maɗaurin, wannan gefen ne yake kallon gaba, kuma notin gaba ake fara ɗaurewa kafin na baya.

Da kan ya juya, hannun birki da na kuloci sun juya tare da shi. Sassauta nasu notin, ka daidaita su yadda in ka miƙa yatsu za su sauka a kansu ba tare da ka ɗaga wuyan hannu ba. Mutane da yawa suna tsallake wannan, ga shi kuwa a nan ciwon wuyan hannu ya fi farawa. Wanda birkinsa na gaba mai amfani da mai ne, ya lura ƙaramin tankin man ya zauna daidai, kada ya karkace. Daga nan sai madubi.

Maganar yankewa da lanƙwasawa

A nan zan tsaya, domin abin yana damuna. Wasu 'yan acaba, ko 'yan kabu-kabu kamar yadda ake ce musu a Sakkwato da Nijar, sukan kai babur wajen mai walda a yanke kan ko a gasa shi a matse, don su riƙa kurɗawa tsakanin motoci. Kan da aka tsuke yana rage wa hannu ƙarfin juya taya. A kwalta ba za ka lura ba. Ranar da ka shiga yashi da buhun masara a baya, ko tayar gaba ta daki dutse, ranar za ka nemi faɗin nan ka rasa. Ga kafaɗa a takure wuni guda.

Wuta kuma tana raunana ƙarfe, tana ƙone farin da ke hana shi tsatsa. Bututu ne mai rami, tsagewar takan fara inda ido ba ya gani. Haka ma kan da ya lanƙwashe a faɗuwa: miƙe shi da ƙarfi ba ya mayar masa da ƙwarinsa, a sauya shi.

In juyawa ba ta wadatar ba, sayi wani kan da ya fi tsayi ko ya fi matsowa baya. Kaurin kan yawancin ƙananan babura milimita 22 ne. Rubuta lambar a takarda, ko ka tafi da tsohon kan kasuwa. Ka ce wa bakanike: "Oga, a duba mini tsawon wayoyin kafin a ɗaura." Kan da ya fi tsayi yana jan wayar totur da ta birki da ta kuloci, wani lokacin sai an sa dogaye.

Gwaji kafin hawa titi

Tayar da babur ba tare da ka sa giya ba. Juya kan zuwa dama har ƙarshe, sannan hagu har ƙarshe. In ƙarar injin ta ƙaru da kanta, wayar totur ta ɗame, kada ka hau sai an gyara. Murza totur ka saki, ya koma da kansa nan take. Duba kada kan ya bugi tanki ko ya matse maka babban yatsa. Gwada birki da oda da fitila. Bayan tafiyar kwana ɗaya, sake bin notin da sifana. In an yi duk wannan hannu bai daina sagewa ba, je asibiti a duba ka.

Aikin aji

Karanta ka rubuta a littafinka: sifana, noti, totur, kuloci, birki, milimita.

Malami ya zo da awon tela. Kowa ya auna faɗin kan babur daga wannan mariƙi zuwa wancan, ya rubuta lambar da santimita. Sannan ku auna kan wani babur da aka yanke. Santimita nawa aka rage?